Baƙin yauƙi a filtar dizal: wa ya taɓa gani?

Mai Injin Niƙa, Tudun Wada:
Assalamu alaikum. Tun shigowar hunturu injina ke tari da asuba, ya ɗauka ya mutu. Jiya na kwance filta, sai ga wani baƙin abu mai yauƙi kamar kwananniyar miyar kuka, ga wari. Maƙwabcina ya ce sanyi ne ke daskarar da gas, wato dizal. Wanda ya taɓa gamuwa da haka ya taimaka.

Direban Tirela, Mararrabar Jos:
Wa alaikumus salam. Malam, sanyin Kaduna bai kai nan ba. Kakin da ke cikin dizal sai sanyi ya kusa sa ruwa ƙanƙara yake fara kamawa. Mutanen Kanada da Rasha ke wannan fama, shi ya sa man hunturunsu daban yake. Mu matsalarmu ruwan da ke shiga tanki ne. Tanki ya kwana rabi, rana ta gasa shi, dare ya huce, sai iskar ciki ta yi raɓa a jikin ƙarfe ta gangara ƙasa. Ni ba na ajiye mota sai na cika ta.

Bakanike, Kurmin Mashi:
Oga direba ya yi gaskiya, sai dai iskar hunturu busasshiya ce. Yawancin tankunan da nake buɗewa a Disamba, ruwansu tun na Agusta ne. Ruwa ya fi gas nauyi, ƙasa yake kwanciya, kuma daidai inda suka haɗu wasu ƙwayoyin halitta ke zama, bakteriya da funfuna, suna cin man. Yauƙin nan su ne da kashinsu, kuma yana da tsamin da ke cin tanki har ya huda shi. Ka canza filta kawai, ba da jimawa ba za ka sake sayen wata. A sauke tankin, a zubar da na ƙasa, a wanke, ya bushe sarai. Ruwan nan in ya kai nozil, wato mai fesa man cikin injin, kuɗin gyaran ya wuce maganar filta.

Hajiya Mai Ruwan Leda, Kakuri:
Mu durom ne ya ci mu. Saboda tsadar gas muke saye da yawa mu ajiye, a tsaye a fili. Ashe ruwan sama na taruwa a kan murfi, durom na hucewa yana zuƙe shi ta bakin. Yanzu a kwance suke ƙarƙashin rumfa. Akwai kuma wani abu da ake shafa wa sandar awo, da ya taɓa ruwa sai launinsa ya canza. Ba ma karɓar mai sai an gwada a gabanmu.

Mai Injin Niƙa:
Allah ya saka da alheri. Maganin da ake zubawa a tanki fa, yana aiki?

Bakanike:
Yana kashe su, amma ba ya kwashe ruwa, kuma gawarsu filta take zuwa ta toshe. Ka tanadi wata kafin ka zuba, bayan an wanke tankin.