Neman shawara: in koyi gyaran babur da hannuna, ko in ci gaba da kai shi gareji?

Assalamu alaikum ƴan'uwa. Ni malamin makaranta ne, gidana a Tawa, amma ƙauyen da nake koyarwa yana wajen hanyar Keita, kuma wanda ya san duwatsun Adar ya san abin da suke yi wa abin hawa. Babur ɗina Haojue ne 110, na hannu na saya. Yanzu kuɗin gyara ya fara cin albashi. In na kai shi gareji, maigidan yakan miƙa wa yaransa ya koma wani aikin, a gyara wannan, kwana kaɗan wancan ya taso. Ban ce an cuce ni ba, don ban gani da idona ba, amma hankalina bai kwanta ba. Kwanan nan da safe sai na yi ta buga shi kafin ya tashi, ga wata ƙara tak-tak-tak daga kan injin. Ina kallon masu gyara a YouTube, abin kamar ba wuya. In sayi kayan aiki in riƙa yi da kaina, ko kuwa? Ina da iyali, ba na son in yi asarar injin gaba ɗaya.

Wani ɗan kabu-kabu a Tawa:
Wa alaikumus salam Malam. Mu da babur ne abincinmu, in komai sai gareji, da ba mu kai ko dala gida ba. Juyen mai da kanka za ka yi. Ka bar injin ya ɗan yi ɗumi, ka kwance notin ƙasa da sifana mai lamba 17, tsohon man ya tsiyaye tas, ka zuba sabo mai lamba 20W-50. Irin injinka bai cika shan lita guda ba, ka riƙa duba sandar awo kada ka zarce. Ni duk kilomita 1000 nake juyewa saboda zafinmu da ƙura. Sai sarƙa: ka taɓa ta da yatsa a tsakiya, wasanta kada ya wuce santimita 2 zuwa 3. Kuma ka koyi faci, ka riƙa tafiya da famfo. Ƙaya ba ta sanin ka yi nisa da gari.

Wani bakanike:
Malam, sannu da ƙoƙari. Ni sana'ata ke nan tun ina yaro, kuma ba zan kare duk wanda ya riƙe sifana ba, akwai masu sakaci a cikinmu. Abin da ɗan'uwana ya lissafa, duk ka yi. Har ma zan ƙara maka: sosan matatar iska, lokacin hunturu ka riƙa ciro shi ka wanke da kananzir, ya bushe, ka ɗiga masa mai kaɗan ka matse. Yawancin baburan da ake kawo mini da kukan ba su da ƙarfi, ƙura ce kawai ta toshe masu numfashi.

Amma ka kula da notin juyen man nan. Jikin injin alminiyam ne, notin kuma ƙarfe. Ka fara murza shi da yatsu har ya zauna, sannan ka ɗaure da sifana daidai wa daida. Ana kawo mini babura da yawa da mai su ya danne da ƙarfin tsiya haƙoran ramin suka cinye, mai yana ɗiga, aikin da ba na ko sisi ba ya koma na jikkuna. Haka ramin buji, wato filogin da ke ba injin wuta.

Maganar ƙarar, ba lalle ba ne ita da wuyar tashin su zama ciwo ɗaya. Tak-tak daga sama galibi bawul ne, wato murfin da ke buɗe wa iska hanyar shiga da hayaƙi hanyar fita, ya yi sako-sako, ko ƙaramar sarƙar cikin injin ta saki. Bawul ɗin da ya matse kuwa shiru yake yi, amma shi ne ke hana babur tashi da safe, in aka bar shi har ƙonewa yake. Saitinsa sai injin ya huce sarai, a juyo fistan sama a kan alamar T, a sa ƴar siririyar ma'auni, a irin wannan injin tazarar wajen milimita 0.05 ce. Bidiyo zai nuna maka inda ake sa hannu, ba zai sa maka jin yadda ma'aunin ke ja tsakanin ƙarfe biyu ba. Wannan kada ka fara shi kai kaɗai.

Wata ma'aikaciyar asibiti daga Yamai:
Ƙanena, ni ban taɓa riƙe sifana ba, amma na daina barin babur in tafi. Ranar da ba ni da aiki nake kai shi, in sami benci in zauna har a gama. Kayan gyara ni nake sayowa, kuma in ce a ba ni tsohon da aka cire. Mai gaskiya ba ya jin haushin wannan. Wanda ya ɓata rai, ka canja shi.

Wani dattijo daga Ƙonni:
Ɗana, ka ji maganar bakaniken nan. Abin da zan ƙara, ba kullum laifin mai gyara ba ne. Kaya iri-iri ne a kasuwa, kwali ɗaya, suna ɗaya, ƙarko daban. Mutum ya zaɓi mafi araha, ya lalace, ya ce bakanike ne. Araha ba ta ado. Sannan esansi, wato fetur, na kwalba na bakin hanya, in dole ta sa ka saya, a tace maka da ƙyalle, don laka da ruwa a kabireta suke taruwa.

Wani matashi:
Ni ban yarda da wannan tsoratarwa ba. Su ma masu garejin da ɓatawa suka koya. Malam mai ilimi ne, ya buɗe injinsa ya gani.

Bakaniken ya amsa:
Gaskiya ne da ɓatawa muka koya, amma ƙarƙashin idon maigida, kuma ba a kan babur ɗin da za mu hau zuwa aiki gobe da asuba ba. Malam guda ɗaya gare shi.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Mai, sarƙa, soso da faci zan ɗauka. Maigida, kafin in je a duba bawul, akwai abin da zan iya gani da kaina?

Bakaniken:
Akwai. Gobe kafin ka tayar da shi, ciro buji ka dubi bakinsa. In ruwan ƙasa ne a bushe, lafiya lau. In baƙi ne kamar kunkunniya, esansi ya fi iska yawa, ka fara da sosan nan. In kuwa ya jiƙe da baƙin mai, kuma salansa tana fitar da hayaƙi mai shuɗi-shuɗi, to mai ne ke hawa, galibi ringin fistan ne ya ci, sai an buɗe injin. Ka ɗauki hotonsa ka turo mu gani. Ranar zuwa gareji ka je da sassafe, ka bar injin ya huce, ka ce maigidan da kansa kake so ya yi saitin, kai kuma ka tsaya kusa da shi.