Fitar ƙungiya zuwa tsofaffin gidajen bakin kogin Hudson da kallon kabewa, wa ya taɓa zuwa?

Maman Ilham, Bronx:
Assalamu alaikum jama'a. Matan adashinmu sun ɗora mini nauyin shirya fita a watan Oktoba, tun kafin sanyi ya kankama. Za mu cika bas guda, da yara, da iyayenmu mata da gwiwa ta fara ba su matsala. 'Yata ce ta kawo maganar wani wuri a garin Croton-on-Hudson na jihar New York mai suna Great Jack O'Lantern Blaze, inda ake jera kabewa fiye da 7,000, an sassaƙe su an kunna musu wuta a ciki. Ni kuwa abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne gidajen attajiran da na Tarrytown da Sleepy Hollow, musamman Kykuit na dangin Rockefeller, da kuma Lyndhurst. Za a iya haɗa su duka a yini ɗaya? Sannan wata a cikinmu ta ce abin kabewar nan bikin Halloween ne, na shigar dodanni da ake yi a ƙarshen Oktoba, ita ba ta kai 'ya'yanta. Don Allah wanda ya je ya faɗa mini abin da idonsa ya gani, kada in kwashi matan mutane mu dawo ana yi da ni.

Ɗan Kumasi:
Wa alaikumus salam Hajiya. Duka a yini ɗaya kam ba zai yiwu ba, sai dai idan tsere za ku yi. Lokacin da muka je Kykuit ba a shiga da motar kai, a wani tsohon gida na Sleepy Hollow mai suna Philipsburg Manor ake taruwa, motarsu ta hau da mutane tudun. Zagayen ya haura awa biyu, kusan duka a tsaye, ga matakala a lambun ba iyaka. Gida ne na gani na faɗa, a 1913 aka gama shi, John D. Rockefeller mai kamfanin Standard Oil ya zauna ciki, daga baya jikansa Nelson da ya yi gwamnan New York ya cika shi da zane-zane da gumaka. Amma yara gundura za su yi, iyaye kuma su sha wuya. Ku ɗauki Lyndhurst. An fara gina shi a 1838, Jay Gould mai harkar jiragen ƙasa ya saye shi a 1880, kuma yana da fili shimfiɗe har gangaren kogi. Wadda ta gaji ta sami benci ta zauna tana kallon ganyen da ya koma ja da ruwan ɗorawa.

Malama Uwani:
Yaya Maman Ilham, kowane gida za ki bari, kada ki bar Philipsburg Manor. Ba shi da ƙawa, injin niƙa ne na ruwa, da rumbu, da wani farin gida ɗan madaidaici. A lissafin gadon mai wurin na 1750 an rubuta bayi 23 'yan asalin Afirka, a jere da shanu da azurfa. Su ne ke niƙa alkamar, su kula da kiwo, su loda garin a jirgin ruwa. Yaranmu da ke makaranta a nan sun ɗauka bauta a kudancin Amurka kaɗai aka yi ta, alhali a jihar New York sai 1827 aka kawo ƙarshenta. Ɗana da ba ya rabuwa da waya, da ya ga sunayen nan sai ya tura ta aljihu ya shiga jero wa mai yi mana bayani tambayoyi, har na fara jin nauyi.

Abban Khalifa:
Batun kabewa, Hajiya, ga yadda yake. Da dare ake yi, a filin wani tsohon gida mai suna Van Cortlandt Manor, kuma tikitin mai lokaci ne, ta intanet ake saya tun da wuri, na Asabar suna saurin ƙarewa. Hanya ɗaya ake bi a ƙasa, kamar awa guda idan ana tsayawa hoto. Babu wanda zai yi tsalle daga duhu ya tsorata yaro. An haɗa kabewar an yi gada, da dabbobin da suka ƙare a duniya, da mutum-mutumin 'yanci na New York. Akwai kuma fuskokin dodanni da ƙwarangwal da kiɗa mai ɗan sa tsigar jiki tashi, kuma saboda lokacin Halloween aka shirya shi, wannan ba a ɓoye yake ba. Ki faɗa wa 'yar'uwar haka, ta yanke wa kanta. Matata da ta ga yawan kabewar sai da ta yi salati, wai an yi asarar miyan taushe, ashe da yawansu na roba ne, da hannu dai aka sassaƙa su. A tsakiyar Oktoba magariba na yi da shida da 'yan mintuna, ku yi salla kafin ku shiga layi. Ku riƙe rigunan sanyi, iskar bakin kogi ba ta da wasa.

Maman Ilham, Bronx:
Allah ya saka da alheri, kun rage mini aiki. Kykuit sai wani jiƙon, ni da maigida kawai. Za mu fara da Philipsburg da hantsi, mu wuce Lyndhurst bayan azahar. Waɗanda ba sa son kabewar mu sauke su a tashar Tarrytown su hau jirgin Metro-North su koma gida, sauran mu wuce Croton, tikitin ƙarfe bakwai zan nema. Malama, idan da hali ki zo mu tafi tare, kin fi ni iya yi wa yaran nan bayani. Abban Khalifa, akwai inda bas babba zai tsaya kusa da ƙofa, ko sai iyayenmu sun taka?