Shafina na talla yana da nauyi, kuma aikin ya hana ni zama da iyali

Salamu alaikum 'yan uwa, don Allah ku taimaka mani. Daga Maradi nike, ina tallan kayan Amazon a shafin da na gina da WordPress (manhajar gina shafin intanet), in mutum ya bi link ɗina ya saya a ba ni kamasho. Matsalar, a waya shafin sai ya daɗe bai buɗe ba balle in rezo ya yi rauni, mutane su fita, ga shi Amazon sayen da aka yi cikin awa 24 kawai take lissafa mani bayan an danna link ɗin. Na rage girman hotuna amma shiru. Kullum ina kanshi har 2 na dare, uwargida ta fara magana, yara ma ba na ganinsu sai da asuba. Mi zan fara gyarawa, theme (tsarin fuskar shafin) ko plugin (ƙananan manhajojin da ake ƙara wa shafin)? Kuma ku yaya kuke raba lokacinku?