Wa ya koya wa Hanifa cewa "dokoki"?

Maman Hanifa:
Assalamu alaikum. Ina aji biyu a kwalejin ilimi, makon jiya aka karantar da mu ra'ayin B. F. Skinner, masanin halayyar ɗan Adam, kan yadda yaro ke koyon harshen uwa. A littafinsa na 1957 ya ce magana ɗabi'a ce kamar kowace ɗabi'a. Yaro na cikin gwarancinsa sai bakinsa ya faɗa kan "mama", uwa ta yi dariya ta rungume shi ta ba shi nono, gobe ya sake faɗa. Abin da aka ba shi lada a kai ya zauna, wanda aka share ya bi iska. Da farko na gamsu.

To ranar Hawan Daushe 'yata Hanifa, mai shekara uku, tana kan wuyan babanta, sai ta miƙa yatsa: "Baba, ga dokoki!" Dawaki fa take nufi. Ba wanda ya taɓa kiran dawaki haka a gidanmu. Wa ta kwaikwaya ke nan? Don Allah a taimaka, jarrabawa ta ƙarato.

Malam Bala:
Wa'alaikumus salam, Maman Hanifa. Ai 'yarki ta ba ki amsa. Ta ji mota da motoci, taga da tagogi, ƙofa da ƙofofi, sai ta zaro ƙa'ida da kanta ta ɗora wa doki. A nan masanin harshe Noam Chomsky ya kama Skinner a sharhinsa na 1959 kan littafin: yaro na faɗin abin da kunnensa bai taɓa ji ba. A 1958 ma Jean Berko ta gwada yara a Amurka, ta zana wata halitta mai kama da tsuntsu ta raɗa mata sunan ƙarya, "wug", ta nuna musu guda biyu, yaran suka yi jam'in daidai. Kar kuma ki manta, yawancin gwaje-gwajen Skinner a kan ɓeraye da tattabaru ya yi su.

Hajiya Kakar 'Yan Biyu:
Malam, a yi wa mutumin nan adalci. Ni ban yi boko mai zurfi ba, amma na raini takwas. "Ina kwana" da "na gode" ba sa zuwa da kansu, sai kin yi ta "me za ka ce?" har bakinki ya gaji. Kuma jikana da ya tashi a Sakkwato "shina zuwa" yake cewa, na Kano na cewa "yana zuwa". Kunne ne ya ɗauko wannan.

Malam Bala:
Gaskiyarki, Hajiya, a gaisuwa da karin harshe ban ja ba. Nahawu ne matsalar. Roger Brown da Camille Hanlon sun gano a 1970 cewa iyaye sun fi gyara wa yaro in abin da ya faɗa ba gaskiya ba ne, ginin jimla kuwa ba kasafai suke kula shi ba. Maman Hanifa, kun gyara mata a ranar?

Maman Hanifa:
Babanta ya ce, "Dawaki ake cewa." Ta gyaɗa kai ta ce, "E, dokoki." Muka tuntsire da dariya. Yanzu ta iya "dawaki" sarai, na ji ta tana faɗa wa ƙaninta. Amma duk baƙon da ya shigo sai surukata ta ce, "Hanifa, me kika gani a hawa?" Ita kuma ta san amsar da ke kawo alewa.