Nauyi 414 a na'urar GC-MS: me kuka gani a naku gwajin?

Ɗalibar digiri na biyu, Unguwar Rimi:
Assalamu alaikum. Na tatsi mai daga ƙwayar zogale, na kai aka gwada a GC-MS, na'urar da ke rarrabe sinadaran da ke cikin samfuri, ta farfasa kowanne ta auna nauyin gutsuttsuransa. Sakamakon ya nuna wani sinadari mai nauyin ƙwayar mole­kul 414, rumbun bayanan NIST (wanda ake kwatanta sakamako da shi don gane sinadari) kuma ya ce beta-sitosterol ne, wani sinadari da ake samu a man tsirrai. Malamina ya hana ni rubuta hakan, ya ce hujjata ba ta cika ba. Ina roƙon waɗanda suka riga ni a wannan aiki su faɗa mini abin da ya same su.

Mai kula da na'ura, Kawo:
Wa alaikumus salam, ƙanwata. Gaskiyar malaminki ce, domin wannan lamba ta taɓa ruɗa ni. An kawo mini ruwan doyar daji da aka dafa da asid, na ga 414, na kusa sa hannu a kan sitosterol, sai idona ya faɗa kan wani dogon tsini a 139 a zanen sakamakon, wanda shi ne tambarin diosgenin, wani sinadarin doyar daji, shi ma nauyinsa 414. Tun daga ranar nake bin gutsuttsuran ɗaya bayan ɗaya. Sitosterol yakan zubar da ruwa ya koma 396, idan jelarsa ta gefe ta tsinke ya bar 273, sannan a ga 255 da 213.

Malamar kimiyyar sinadarai, Zariya:
Tawa matsalar a man kaɗanya ta fito. Na ga 412, na ɗauka stigmasterol ne, wani ɗan'uwan sitosterol, na yi makonni ina gina rubutu a kansa, ashe spinasterol ne, wanda haɗinsa mai ninki biyu yake a kabon na 7 maimakon na 5 kamar na stigmasterol da sitosterol. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai. Sai da na haɗa samfurin da BSTFA, wani sinadari da ake zubawa kafin gwaji wanda ke ƙara 72 a nauyi, gaskiya ta fito, domin masu haɗi a kabon na 5 suna ba da tsini mai ƙarfi a 129, nawa kuwa da ƙyar ake ganinsa.

Ɗalibin digiri na uku, Barnawa:
Ni abin da na koya shi ne, sitosterol da clionasterol sun bambanta ne kawai a karkatar kabon na 24, kuma gutsuttsuransu iri ɗaya ne. Dole ta sa na nemi NMR, wani gwaji na daban da ke nuna yadda kabon-kabon sinadari suke jere.

Ɗalibar digiri na biyu:
Na gode, Malam da Malama. Na sake duba takardata yanzu, akwai 396 da 255 da 213, babu dogon tsini a 139. Ranar Litinin, in Allah ya yarda, zan gwada da BSTFA in nemi 486 (wato 414 da ƙarin 72) da 129.