Na canza rauta, kwamfuta ta daina ganin akwatin ajiyar fayilolina

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah masana harkar kwamfuta ku agaza mini, kwana uku ke nan ina fama.

Rautar gidana ce ta ƙone ranar da aka kawo wuta da ƙarfi, na sayo sabuwa. Intanet lafiya lau a waya da kwamfuta, amma akwatin ajiyar fayilolina, wato NAS, ya yi ɓatan dabo. Fitilarsa na ci, kebul na jone, sai dai faifan Z da na saba buɗewa a Windows jan kuros kawai yake nunawa.

Da na bincika, tsohuwar rautar tana kan 192.168.1.1, kuma tun tuni na kafe wa akwatin 192.168.1.50 da hannuna. Sabuwar kuwa 192.168.0.1 ce, shi ya sa ko shafin saitinsa ba na iya shiga.

To, in mayar da sabuwar kan 192.168.1.1 ne, ko in jona akwatin kai tsaye da kwamfuta in sauya masa lamba? Ƙanena ya ce in danna ɗan maɓallin sake saiti da ke bayansa, ni kuwa gabana faɗuwa yake, don hotunan iyali na shekara 8 duk suna ciki. Dannawar tana goge fayiloli?