Wa ke da irin tumatir da na kuɓewa na gida?

Amaryar Wadata: Salamu alaikum mutanen zaure, ina kwananku? Don Allah wa ke da irin tumatir na gida da na kuɓewa ya ɗan sam mini? Bara waccan na sayi irin tumatir na sashe, wato na cikin ƴar ledar kanti, ya yi ƴaƴa har muka riƙa ba maƙwabta. Sai na ce ai na huta da sayen iri, na zaɓi manya na matse na shanya. Bara da na zuba shi, abin da ya fito sai wanda ya gani: wani dogo, wani guntu, wani ƴaƴansa kamar kurna. Ga sanyi na ƙaratowa, ba na so in sake asarar ruwa.

Ɗan Galmi: Wa alaikumus salam. Yaya, in sashen na nan duba shi, akwai F1 rubuce?

Amaryar Wadata: Akwai, ga shi nan ƙarami kusa da sunan.

Malamin gona: To shi ne matsalar, ba hannunki ba ne. F1 iri ne mai aure: an haɗa tumatir biyu daban, ɗan da suka haifa ya kwaso ƙarfin uwa da na uba. Jikoki kuwa sai su rarrabu, kowa ya ɗauko kakan da ya ga dama. Duk sashen da kika ga F1, ki ci ƴaƴan ki bar irin. In kina son wanda za ki riƙa cirewa da kanki, ki nemi Roma wanda babu F1 a jikinsa, ko ki karɓa wurin wanda ya shekara biyar yana maimaita nasa. Tumatir yawanci kansa yake yi wa barbara, shi ya sa ba ya saurin rikiɗa.

Inna ta Sabon Gari: Ɗiyata, ina da na gida, wanda nika miya da shi tun ƙanenki na goye. Ba shi da girma amma bai tsoron zahi. Sai dai ki bar matsewa ki shanya haka nan. Ki samu wanda ya nuna lugub bisa itacensa, ki tsiyaye cikinsa a kofi, ki ƙara ruwa kaɗan, ki ruhe da ƙyalle ki bar shi kwana biyu, in da sanyi ukku. Za shi yi tsami, wata hwarar hunhuna ta taso sama, kar ki ji ƙyama, ita ce ke cinye yauƙin da ke liƙe ga irin. Sannan ki zuba ruwa ki dama: mai kyau shi kwanta ƙasa, hanko shi taso, ki tsiyaye. Ki baza bisa faifai cikin inuwa. Kar ki sa bisa takarda, liƙewa shika yi, na taɓa kwana ina ɓanɓara da akaifa.

Ƴar Yamai: Inna, in ya wuce kwana uku fa?

Inna ta Sabon Gari: Shi hwara tsira cikin kofin, kin yi asara.

Baba mai garka: Kuɓewa ni za ni ba ki, ɗiyata, amma bari in yi hwaɗa tukuna, don kuskure guda kowa ke yi. Mutum shi ci kuɓewatai tun hwarin haihuwa har ta tsuhwa, sai ƴan ƙarshen nan da sunka ƙanƙance, da bai iya sayarwa, shi ce su ne iri. Ka ba ƙasa saura, me kake so ta ba ka? Ni tun tana hure nika zagayawa, in duba wadda ta riga haihuwa, ganye lahiya lau, babu nanaɗewa. In ɗaure mata jan tsumma. Kowa a gidan ya san mai jan tsumma ba ta miya ba ce, jikana ya sha dundu kanta sau guda, bai ƙara ba. In bar mata ɗiya huɗu ko biyar na tsakiya su bushe bisa kara, sai sun hwara tsagewa, in ka girgiza ka ji suna kacau-kacau. Kuma ban ɗauka ga gindi guda, sai goma ko fiye, don kar irin shi raunana. Cikin kwansonsu nika rataye su a ɗakin ƙasa har ranar shuka.

Amaryar Wadata: Allah ya ƙara girma, Baba. Ni kam na ƙarshen nake bari, ba zan ɓoye ba.

Direban Ƙonni: Ni tambayata ajiya ce. Bara na ƙulle wake da yakuwa cikin leda na jefa saman kwaba, ɗakin kwano. Da na kwance, waken ya zama gari, ƙwari na yawo, yakuwar kuma ta yi baƙi tana wari.

Malamin gona: Zafi da laima suka haɗu maka. Ɗakin kwano a Tawa cikin Afrilu da Mayu, waje ma ya haura 40, ina ga saman kwaba? Kuma ka ƙulle bai gama bushewa ba. Ka ciji ƙwayar: in ta fashe ƙas ta bushe, in haƙori ya nutse da saura. Wake ka cika kwalba ko bidon da shi har wuya ka toshe sosai, ƙwarin iska ke ƙare musu su mutu. Dabarar buhun PICS na ajiyar wake ke nan, leda biyu ciki, buhu ɗaya waje. Amma ga ɗan mudu guda kwalba ta isa.

Inna ta Sabon Gari: Mu toka muka sani, tankaɗaɗɗa mai sanyi, a cuɗe da ita, a sa busasshen ganyen bedi. Kwalbar kuma a sa ta cikin tsohon tulu a ƙuryar ɗaki.

Ƴar Yamai: Ni a firiji nake sa nawa, cikin kwalba mai murfi da ɗan gawayi a ƙulle a ƙyalle. Sai dai da ɗauke wutar nan, in kin fito da ita kar ki buɗe nan take, ki bari ta huce, in ba haka ba raɓa ta kwanta a kan irin. Ɗan Galmi, kai muke jira, albasa fa? Na ajiye irin da aka ba ni shekara biyu, ko rabi bai tsira ba.

Ɗan Galmi: Hajiya, irin albasa bai da rai mai tsawo. Tumatir na iya shekara huɗu in an adana, albasa shekara guda ce, ta biyu sa'a ce. Kuma na kirki ba a samun shi cikin shekara guda. Mu nan albasar da anka haƙa wajen Maris da Afrilu, sai a ware masu kyau, jar nan mai shuɗi-shuɗi da anka san Galmi da ita, masu siririn wuya, a aje a rumbu. Wadda ta ƙetare damina ba ta ruɓe ba, ta ci jarrabawa. Oktoba ko Nuwamba a yanke mata kai kaɗan a maida ta ƙasa, sanyi shi sa ta hidda sanda ta yi hure, ƙudan zuma da ƙudaje su yi aikinsu. In kan ya hwara buɗewa kina hangen baƙin iri, a yanko a shanya bisa zane, a murje a sheƙe.

Inda ake cutar mutane: akwai albasar da ke hidda sanda tun shekarar hwarko cikin fangali. Wasu su tara irin wannan su kai kasuwa da araha. Kin shuka, ɗiyanta su ma su gudu su yi sanda, babu kai na kirki, kuma ba ta ajiyuwa. Ido bai rarrabe su cikin tiya. Ki saya wurin wanda kika ga garkatai, ko ki tambayi mutanen INRAN, cibiyar binciken noma ta Nijar. Kuma kar a bar ja da hwara irin ta Sumarana su yi hure kusa da juna, gauraya suka yi.

Inna ta Sabon Gari: Gaurayar nan ta ci ni ga tattasai. Na dasa shi jikin barkono, na cire iri, da shekara ta zagayo na yi miya ba wanda ya iya kai loma ta biyu. Malam har ya ce ko hushi nika da shi.

Direban Ƙonni: Inna, wannan irin ni ki ba ni shi!

Amaryar Wadata: Shu (kabeji) da karoti fa, ana cire nasu?

Malamin gona: Shu bar shi, yana son sanyi mai tsawo kafin ya yi fure, namu bai kai ba, saya za ki yi. Karoti ma wahalarsa ta fi ribarsa. Salati kuwa sauƙi: ki bar gindin da ya fi daɗewa bai yi sanda ba, ba wanda ya riga ba. In furen ya yi farin gashi kamar auduga ki kaɗa shi cikin roba. Kuma duk wanda zai kawo iri musaya, don Allah ya rubuta suna da shekara a jiki. Kafin ranar ku ɗauki ƙwaya 20 ku naɗe a jiƙaƙƙen ƙyalle, ku duba bayan mako, albasa kwana goma. In 16 sun tsira iri ne. In 10 ne a faɗa wa mai karɓa ya zuba da yawa.

Baba mai garka: To mu haɗu Lahadi, tunda kowa na shigowa kasuwa. Bayan la'asar, garkata, gindin bedi. Ni kuɓewa da kabewa. Mai zuwa hannu wohi ma shi zo, amma baɗi shi maido ninki.

Ƴar Yamai: Ni ina da zogale PKM-1, mai saurin haihuwar nan ta Indiya, da salati. Direba, yaushe za ka shigo Yamai in ba ka, ka taho mini da na Ɗan Galmi?

Direban Ƙonni: Alhamis in sha Allah. Amma ki sa a kwalba, Hajiya, ni da leda mun ɓata.

Ɗan Galmi: Ludayi biyu kawai za ni iya ba ki, sauran na zuba shekaranjiya.